Karen da Ba a Yanke wa Kunne Ba

A ƙauyen da aka kawo ni aure, tsakanin Gagarawa da Gumel, ba wanda ke ajiye kare don yana son sa. Riɗi ne ke sa a ajiye shi. In an yanke riɗi an ɗaure an jingina shi a gona don ya bushe, ɓarawo ba ya buƙatar komai sai leda da buhu. Ya shimfiɗa, ya kifa dami, ya kakkaɓe, ya mayar maka da kara a tsaye kamar ba a taɓa ba. Sai ranar da ka je kakkaɓa za ka gane wahalar damina ta tafi a kan babur ɗin wani. Shekarar da aka yi wa maigidana haka, shi da wansa suka tafi kasuwar Maigatari, suka dawo da 'yan kwikwiyo biyu a cikin kwali, uwa ɗaya, daga hannun wani makiyayi. Ɗaya na gidanmu, ɗaya na gidan Yaya, haka nake kiran wan mijin nawa. Darni ɗaya ne ya raba gidajenmu, ko tari aka yi can muna ji.

Garin yana da yadda yake horar da kare, kuma kowa ya yarda da shi. Ana yanke wa kwikwiyo kunnuwa, a gasa abin da aka yanke a barbaɗa barkono, a ba shi ya ci, wai don zuciyarsa ta yi zafi. Daga nan a ɗaure shi a wuri mai duhu, kada ya saba da idon mutane. A ba shi abinci kaɗan. In ya yi kuka a doke shi, in ya yi shiru a tsokane shi da kara har ya kai cizo, a nan ne za a yaba masa. An ce karen da ya san daɗi ba ya tsaron dukiya.

Washegari da hantsi Yaya ya yi wa nasa. Ina tsakar gida ina tankaɗe na ji kukan. Na sha jin kukan akuya a hannun mahauci, amma bai kai wannan ba. Namu kwikwiyon yana gindin turmi, da ya ji muryar ɗan'uwansa sai ya rarrafo ya cusa kansa ƙarƙashin zanina yana rawar jiki. Jim kaɗan maigida ya shigo riƙe da askar da aka gama aiki da ita, ko wanke ta ba a yi ba.

"Ina yake? Miƙo shi, tun da zafinta a gama."

"Malam, wannan bai yi ƙwari ba," na ce. "Dube shi, ko tsayuwa bai iya ba. In jini ya zuba mutuwa zai yi, ka yi asarar hanya. Bari ya ƙara sati."

Ya dubi kwikwiyon, ya dubi askar, ya ce to. Da sati ya cika na ce ana sanyi, ciwo ba ya warkewa. Da sanyi ya wuce na ce ƙuda sun yi yawa. Maigidana ba mutum ne mai son jayayya ba, kuma na lura shi ma ba ya ɗokin aikin, kunyar wansa ce kawai ke tura shi. Haka muka yi ta jan zance har kunnuwan suka girma suka tsaya cak kamar na dila, aka ce ai lokaci ya wuce.

Ni abin da na sani game da kare daga kakata ta wajen uwa na same shi. Bafulatana ce, a rugarsu ta wajen Sule Tankarkar na yi ƙuruciyata. Karnukansu na bin shanu daji su dawo, ban taɓa ganin an ɗaga musu sanda ba. Tsohuwar takan ce dabba ba ta jin magana, hannu take karantawa, to ki kula da abin da hannunki ke faɗa mata. A lokacin na ɗauka surutun tsufa ne. Sai ga shi na tsinci kaina da kwikwiyo a gidan miji, ba ni da wani littafi sai abin da na ga tana yi.

Na ware masa wata tsohuwar tasa da ta tsage a baki, wadda ba mai ci a cikinta, don kada a ce na haɗa kwanon mutane da bakin kare. Duk lokacin da zan ba shi abinci, sai na ƙwanƙwasa gefenta da ludayi, ƙwas-ƙwas, sannan in zuba. Ƙanzo da ruwan miya, ragowar kunu, wani lokaci ɗan tsamin nono in mai talla ta bar mini. Tsagar nan ta sa tasar tana da wata murya tata, dusasshiya, ba ta kama da ta kowane kwano a unguwar. Bai daɗe ba ya gane. Ko yana can ƙarshen gonar bayan gida, in ya ji ta zai ɗebo a guje. In ya zo yana tsalle yana neman kifar da ni, sai in ɗaga tasar sama in yi tsaye, ba tsawa ba duka, ina jira. Da zarar gindinsa ya taɓa ƙasa sai in ajiye. A haka ya koyi cewa zama ne ke kawo abinci, har ya zama in ya iso gaban mutum sai ya zauna ya ɗaga kai yana kallon hannunsa.

Cikin gida kuwa akwai iyaka. Daga rumbu zuwa baya nasa ne, daga rumbu zuwa ɗakuna da wurin salla ba nasa ba ne. In ya ƙetare sai in taka in koma bayan rumbu in kira shi, a can zai sami abin da yake nema. Ban taɓa ba shi ko loma ɗaya a tsakar gida ba, shi ya sa ya daina ganin amfanin shigowa. Kaji ne suka fi ba ni wahala. Ya taɓa tsige wa wata kaza jela, ranar raina ya ɓaci har na ɗauki muciya, na kuma ajiye ta. Abin da na yi, nakan zauna da shi da yamma inda kajin ke kiwo, igiya sakwa-sakwa a hannuna. In ya zuba musu ido in yi shiru, in ya kau da kai ya dube ni in jefa masa ɗan ƙanzo. Mun daɗe muna wannan zaman. Daga baya har 'yan tsaki na hawa bayansa yana barci.

Sauran aikin na kullum ne. Gonakinmu ƙarangiya ce ta cika su, kullum sai ya dawo yana ɗingishi. Tun yana ƙarami na saba masa da kama ƙafa, buɗe yatsu, leƙa kunne, ɗaga leɓe, ina yi ina ba shi abin taunawa. Saboda haka in na zo cire ƙaya ko kaska, kwanciya yake yi ya miƙo ƙafar da kansa. Da bazara in rana ta buɗe nakan binne wani fasasshen tulu rabi a inuwar rumbu in cika masa da ruwa. In na gama in wanke hannuna da ƙasa da sabulu in koma harkata. Matan unguwa sun sami abin faɗi. Wata ta tambaye ni a wajen biki ko na yi wa ɗan autan nawa kaciya. Na ce mata saura ɗinkin suna, in an sa rana ita zan fara gayyata tun da ta fi kowa damuwa da shi.

Yaya kuwa duk sanda ya gan shi sai ya girgiza kai.

"'Yar Fulani, kin lalata kare. Wannan ko ɓarawo ne ya zo raka shi zai yi."

"Allah ya huci zuciyarku, Yaya, in kaka ta yi ma gani."

Kaka ta yi aka gani. Ba ya cizo, amma kunnuwan nan da aka bar masa ba abin da ke wuce su. Ko mutum ya doso gonar daga nesa zai tashi da haushi, ba zai daina ba sai maigida ya leƙo. Ba a sake taɓa mana riɗi ba. Maigidan da ya fara da cewa "karenki" ya koma cewa "karenmu". Wata rana na kai masa abinci gona na same shi a bukka yana zuba masa ragowar fura a ɓawon kankana. Da ya gan ni ya ce ai ta yi tsami ne. Furar da na dama da safe ce.

Ɗan'uwansa na gidan Yaya ya zama abin da aka so ya zama. Yana ɗaure da waya a wani kango bayan gida, wayar ta ci wuyansa har gashi ya daina fita a wurin. Daga nesa ake tura masa abinci da kara. Ko Yaya da kansa ba ya iya matsawa kusa sai da sanda a hannu, kuma yana alfahari da hakan. Ina jin nishinsa ta darni da tsakar rana. Na sha watsa masa ruwa ta saman darnin in ba kowa, shi ke nan iyakar abin da zan iya.

Ana nan wani malamin dabbobi ya zo daga Gumel a kan babur, da wata 'yar akwatin sanyi a ɗaure a baya. Aka yi shela cewa duk mai kare ya kai ƙofar mai unguwa a yi masa allurar rigakafin hauka. Abin dariya abin tausayi. Yawancin karnukan garin da suka ga an nufo su da igiya sai suka shige daji. Na Yaya an gwada, mutum uku da buhu, ya yage wa ɗaya hannun riga, aka ce a bar shi, ai yana ɗaure, ina zai ga hauka. Namu maigida ne ya tafi da shi, ba igiya, yana biye. Ya zauna a gaban malamin, maigida ya dafa wuyansa, aka soka allurar, ya waiwayo ya shinshina wurin, shi ke nan. Rabin garin na tsaye suna kallo, har da Yaya.

Ɗaure kare ba ya hana wani ya zo inda yake. Bayan girbin gero wani baƙon kare ya ratso garin yana dalalar da yawu, ya faɗa kangon nan suka yi kokawa, samari suka kore shi. Aka ga rauni a kafaɗar na Yaya, amma wa zai taɓa shi balle ya wanke masa? Aka bar shi. Bayan 'yan makonni ya daina cin abinci, ya koma cizon ƙasa da wayar wuyansa. Wata safiya ya tsinke ta.

Autar Yaya ce a bayan gida tana shanya wanki, yarinyar da ko shekarun zuwa makaranta ba ta daɗe da cikawa ba. Ta saba zuwa wajena, tana son ta riƙe mini ludayi in za a buga tasa. A ƙauri ya kama ta. Aka bi karen aka kashe, aka tsige gashinsa aka ƙona aka shafa tokar a kan ciwon, yadda aka gada. Na ce wa uwar a wanke da sabulu a kai ta asibitin Gumel a ranar. Ta ce baban yarinyar ya ce ciwon bai yi zurfi ba. Na faɗa wa maigida, ya je ya dawo ya ce Yaya ya ce an riga an yi magani. Ciwon ya warke kuwa, har kowa ya manta.

Ba zan faɗi duk abin da na gani ba lokacin da abin ya taso mata. Abu ɗaya ne ba ya barina. Leɓenta ya bushe ya tsage, tana kiran ruwa, in uwar ta kawo moɗa sai ta ƙanƙame tana ihu kamar an nuna mata wuta. Sai a lokacin aka nemi mota. A asibiti aka ce an makara. Suka dawo da ita a naɗe a tabarma.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa fatiha, maza suka yanke shawara a ƙofar mai unguwa cewa ba za a bar kare ko ɗaya a garin ba. Ban zarge su ba, ni ma na yi wa yarinyar nan kuka kamar ni na haife ta. Amma da labarin ya iso ni sai na tashi. Na fita bayan rumbu na sami namu karen kwance. Na ce tafi. Na nuna masa daji. Ya tashi yana kaɗa jela, yana zaton gona za mu. Na ɗauki hoge na jefa kusa da shi, abin da ban taɓa yi ba. Ya bi hogen ya shinshina, ya dawo ya zauna a gabana. Bai san abin da jifa ke nufi ba, ba wanda ya taɓa koya masa.

Ƙarar bindigar maharbi ce ta yi abin da na kasa. Da aka harba ta farko a bakin gari ya zabura ya shige gonar bayan gida, cikin karan dawa da ba a kwashe ba. Sauran karnukan kuwa tun da suka ga maza da gora suka san zancen, sun san sanda tun suna kwikwiyo. Kaɗan aka samu, tsofaffi da masu shayarwa. Samari suka kewaye gonarmu suna dukan kara, bai fito ba. Na fara sa rai. Na ce in ya kai magariba, zan roƙi mai kawo mana nono ta tafi da shi rugarsu.

La'asar sakaliya aka yi sallama. Yaya ne da kansa ya shigo har tsakar gida, maigida na bayansa. Kwana uku sun mayar da shi tsoho.

"An ce ke kaɗai yake ji. Fito ki kira shi."

Na durƙusa. "Yaya, ku yi wa Allah. An yi masa allura, a gabanku aka yi. Bai taɓa cizon kowa ba. Ita kanta marigayiya da hannunta take ba shi abinci."

"Allurar ta dawo mini da ita?"

"Ba shi ya cije ta ba."

"Uwarsu ɗaya." Muryarsa ba ta ko tashi ba. Ya juya ga ƙaninsa. "Kare ya kashe mini 'ya, kai kuma kana ciyar da ɗan'uwansa a jikin darnina. Kullum in tashi in ji haushinsa. Haka za mu zauna?"

Da na yi shiru da ya fi. Amma bakina bai taɓa sanin lokacin shiru ba. Na ce an bar jaki ana dukan taiki. Na ce karen da ya yi kisan nan shi ne wanda ba mai iya riƙe shi a yi masa allura, ba mai iya wanke masa rauni, kuma ba haka aka haife shi ba. Gaskiya ce, har gobe zan maimaita ta. Sai dai na faɗa wa mutumin da ya binne 'yarsa shekaranjiya, a gaban ƙaninsa. Yaya ya dafa bango. Na ga fuskar maigida ta canza, na san na rufe masa ƙofar da ta rage.

"Ba zan kira shi ba," na ce. "Ko za a sake ni."

Ba wanda ya sake ni. Maigida ya wuce ni zuwa bayan rumbu, ya sunkuya ya ɗauki tasar. Ya zare ludayi daga cikin kwando. Bai dube ni ba.

Na bi su har darni na tsaya, ina leƙe ta tsakanin kara. Ya tsaya a bakin gona, samari da gorori sun ja gefe, maharbin na bayansa. Bugun farko ma bai fita ba. Ya sake. Ƙwas-ƙwas.

Karan dawa ya motsa can ciki. Kunnuwan na fara gani, a tsaye. Ya fito a guje yana kaɗa jela, ya ratsa ta tsakiyar mutanen nan da sandunansu ko kallonsu bai yi ba. Ya iso gaban maigida ya zauna, ya ɗaga kai yana kallon hannunsa, yana jira a ajiye tasar. Na toshe kunnena, amma na ji.

Sauran da aka kashe a kududdufin bayan gari aka zubar. Namu maigida ya ɗauko shi a buhu, ya haƙa rami a gindin aduwar gona ya rufe shi, shi kaɗai, ya hana kowa taya shi. Ya dawo ya ajiye tasar inda take. Na kai masa tuwo na ɗauke shi yadda na kai.

Kafin wata ya zagayo karnukan da suka gudu suka fara dawowa ɗaya-ɗaya, a rame, suna raɓe-raɓe a juji. Zuciya ta huce, ba wanda ya ɗaga musu ko kara. Da riɗi ya sake nuna, wani maƙwabci ya sayo kwikwiyo, na ji kukan yankan kunne da hantsi kamar yadda na ji a farko. Ana cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Na daɗe ina jin haushin karin maganar nan. Amma da za a sake ba ni kwikwiyo, haka zan sake renonsa, don na ga inda ɗaya hanyar ta kai mu, na kuma ga moɗar ruwa a hannun uwar yarinyar nan.

Ba a sake ba ni ba. Maigida ya je Maigatari sau da yawa tun daga lokacin, bai taɓa dawowa da kwali ba. In an jingina riɗi shi yake tarewa a bukka yana gadi, ga tsufa ga ciwon gwiwa. Ni da Yaya muna gaisawa, ya tambaye ni gida in tambaye shi jiki. Zancen ranar nan bai taɓa shiga tsakanina da maigida ba, ko sau ɗaya. Sai dai na koyi kwasar miya a hankali. In na yi kuskure ludayi ya bugi gefen tasa yana cikin cin abinci, sai ya ajiye lomar da ke hannunsa, ya wanke hannu, ya fita zaure.